Yadda Aka Yi wa Tafkin Tsuntsaye Kwalliya

Auwalu, Nafisa, da ke Ummi da kike goye a lokacin, wannan babin naku ne. Na san abin da kuka taso kuna ji a kaina. Har yau akwai masu cewa an kori babanku daga aiki a jami'a saboda yana kama tsuntsayen makaranta yana kai wa mai farfesu. Na daɗe ina haɗiye maganar nan, domin wanda bai iya rubutu ba, in an rubuta ƙarya a kansa, sai dai ya yi ta rantsuwa har a gaji da sauraronsa. Yanzu da hannuna ya fara sabawa da biro a ajin karatun manya na Kuje, zan faɗi yadda abin ya faru. In kun ji haushi a cikin maganata, ku yi haƙuri, bai huce ba ne.

Jami'ar ta wani attajiri ce, ba zan kira sunanta ba, tana kan hanyar da ta tashi daga Kuje zuwa Gwagwalada. Kafin a gina ta sai da katafila ta share dajin tas. Lokacin da aka ɗauke ni aikin gadina, wato mai kula da shuke-shuke, in ka tsaya a tsakiyarta da rani sai ka rantse hamada ce: jar ƙasa, farin gini, rana a tsakiyar ka, ba inuwar da za ta ishi akuya. Aikina ban ruwan fulawa da mesa, da sassabe. An ba mu ɗaki a kwatas ɗin ƙananan ma'aikata, kai Auwalu da ke Nafisa kuna zuwa firamaren da aka buɗe wa 'ya'yan ma'aikata. Can ƙarshen fili, bayan ɗakunan kwanan ɗalibai, akwai ramin da aka haƙi ƙasar gini aka bar shi. Ruwa ya taru a ciki bai ƙara ƙafewa ba. Kacalla ta tsiro a gefe, bado ya rufe rabinsa, ga wata ɗorawa guda da katafila ta manta da ita. Wannan shi ne tafkin da ake magana. Bai kai filin ƙwallo ba.

Ni mutumin fadamar Haɗejiya ne, kun sani, kuma na tashi ne ina gaba da tsuntsu. Yarantata duk a kan korar jan baki daga gonar shinkafa ta ƙare, da gwangwani da ihu. Ban taɓa tunanin zan zauna ina kallon tsuntsu ba tare da dutse a hannuna ba. Amma famfon da nake jan ruwa yana kusa da tafkin, kuma da safe kafin tanki ya cika ba ni da abin yi. Sai na fara zama. Kirinjijiya su sauko a jere suna fito kamar yara sun taso daga makaranta. Zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya ya yi kamar ba ya duniyar, sai ka ga ya soka baki ya ɗago da kifi. Marai sun rataye sheƙunansu a jikin kacalla suna ta gardama. Akwai wata kazar ruwa mai jan goshi da ba ta fitowa sai ka daɗe ba ka motsa ba. A garin nan da kowa ke sauri, kowa yana da oga a bayansa, nan ne kaɗai na sami abin da ke biyan mutum don ya yi shiru.

Ba ni kaɗai ke zuwa ba. Katangar waya ta wajen tana da wata kafa, kuma tun kafin a yi makarantar Fulanin rugar da ke bayanta a tafkin suke shayar da shanu. An bar su, ba a rubuce ba, an dai kau da kai. Mai kawo shanun sunansa Buba, sa'ana ne, dogo, mai yawan tsokana. In ya shigo, balbelu na biye da shi fari fat kamar an watsa auduga. Shanun suna da gefensu, tsuntsaye suna da nasu, ban taɓa ganin ɗaya ya hana ɗaya shan ruwa ba. Sai kuma Dakta Rifkatu, malama a sashen nazarin halittu, 'yar Filato. Ita ta same ni a zaune wata safiya ta miƙo mini madubin hangen nesa.

"Baba Sale, duba da wannan, ka ga idon shi," in ji ta.

Na ɗora a ido, zalɓen ya faɗo mini a fuska har na ja da baya na kusa zama cikin laka. Ta yi ta dariya. Daga ranar muka saba. Tana faɗa mini waɗanda suke tahowa daga ƙasashen sanyi, ni ina faɗa mata sunayensu na gida. Ita ce ta ɗauki hotunan tafkin ta sa a waya, har wata ƙungiya ta masu kallon tsuntsaye a cikin gari ta gani, suka ce za su zo wata Asabar cikin bazara. A cikinsu akwai Turawa masu aiki a ofisoshin jakadanci. Abin da ta roƙa wa baƙin kawai shi ne a buɗe musu ƙofa da sassafe. Daga nan aka yi mata rasuwa a gida, ta tafi biso, wato jana'iza.

To, kun san mu. Da maganar ta kai ofishin shugaban jami'a cewa Turawa za su zo, sai ta tashi daga kallon tsuntsu ta koma karɓar baƙi. A garin nan kuwa hanya ɗaya muka sani ta karɓar baƙo: a share, a sassabe, a shafa farar ƙasa a duk abin da ba ya motsi. Ba zan ɓoye muku ba, da farko ni ma na ji daɗi. Na ce yau tafkinmu ya sami daraja. Da hannuna na jera duwatsu a bakin hanyar zuwa wurin na shafe su fari. Sai ranar Laraba shugaban sashenmu na gyara da tsabta, Oga Lawal, ya zo da motar leburori, kowa da adda da langalanga. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon kacallar.

"Sale, wannan dajin fa? A nan za mu kawo Bature? Maciji ya sare shi mu shiga uku?"

"Oga, ai a cikin dajin tsuntsayen suke. Ga sheƙa nan, akwai masu ƙwai."

"In an share ai sun fi ganuwa. Mutum ya taho tun daga Turai, ka ce ya leƙa cikin ciyawa? Ɗauko addarka."

"Oga, ka yi mini rai, ban da wannan. Sa ni wani aikin."

"Kai da tsuntsayen nan akwai auratayya ne? To, wuce bakin get ka yi ban ruwa. Kada in ƙara ganin ka a nan sai an gama biki."

Na tafi. Abin da na iya ke nan, na ƙi sa hannuna, amma ban hana komai ba. Daga bakin get ina hango hayaƙi, domin da suka sare kacallar sai suka tara ta suka cinna wuta don kada a ga tarkace. Suka shiga ruwa suka tuge badon, wai ƙazanta ne. Ɗorawar suka datse mata rassan ƙasa, suka shafe gindinta da farar ƙasa har iya wuyan mutum. Da la'asar da leburori suka tashi na lallaɓa na je. Wallahi da ban san wurin ba da na ce wurin wankin mota ne. Ruwa ja, baki a aske, sheƙun marai a warwatse ana tattake su. A cikin toka na ga kazar ruwan nan, gefe ɗaya na fiffikenta ya ƙone, tana jan jiki. Na ɗauke ta na sa cikin rigata. A hanyar kwatas na gamu da Bulus mai gadi, mutumin kirki, muka gaisa, ya ga kanta ya leƙo daga wuyan rigata. Mamanku ta shafa mata man kaɗanya ta sa ta a kwali. Ba ta kwana biyu ba ta mutu, na haƙa rami bayan ɗaki na rufe ta.

Ranar Juma'a Oga Lawal ya je duba aiki ya ga ko kurciya babu. Wani mai hankali da a nan ya tsaya ya ce an yi kuskure. Shi sai ya aika kasuwa aka sayo agwagi.

Asabar ta zo. Baƙin sun iso gari bai gama wayewa ba, cikin gajerun wanduna da malafuna, kowa da madubinsa a wuya, suna magana ƙasa-ƙasa tun daga mota. Aka tare su aka kai su ɗakin taro shan shayi, wai sai shugaba ya iso. Shugaba bai iso ba sai da rana ta take. Ni an dawo da ni jera kujeru, shi ya sa na ga komai. An kafa kanofi a bakin ruwa, an shimfiɗa jan kafet, janareta na ruri, mai lasifika yana ta gwada murya. An ɗauko makaɗa da 'yan rawa. Ku auna, mutanen da suka taso don su ji kukan tsuntsu, aka tare su da ganga. Aka yi addu'ar Musulmi, aka yi ta Kirista, aka yi jawabi a kan son da jami'a ke yi wa halittun Allah. Sannan aka kwance agwagin daga buhu aka tura su ruwa. Agwagin gida ne da suka saba da kwata da tsakin dawa. Suka ɗan taɓa ruwan, suka juyo a jere, suka hau jan kafet suka nufi inda ake ajiye da kulolin shinkafa. Ɗaya har da tsumman da aka ɗaure ta da shi a kasuwa yana ja a ƙafarta. Wata tsohuwar Baturiya ta ɗaga madubinta ta dubi agwagwar, ta sauke, ta dubi ɗorawar da aka yi wa fenti. Wani Bayerabe cikin baƙin ya yi dariya har da riƙe ciki. Dakta Rifkatu, wadda daga tasha ta wuto kai tsaye da jakarta, ta tsaya a bayan kanofi hannu a ka tana cewa, "Yesu! Wa ya yi wannan?" Baƙin ba su tsaya cin abinci ba.

Wani ya ɗauki agwagin a waya, kafin Litinin duk gari ya gani. Mai jami'a ya fusata, aka kafa kwamiti. A wurin aiki irin namu, in abu ya lalace ba a tambayar me ya faru, ana tambayar wa za a ɗora wa. Oga Lawal ya kira ni bayan sito, ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba.

"Malam Sale, ni da kai 'yan'uwa ne, masallaci ɗaya muke sallah. Kwamiti za su kira ka, don kowa ya san kai ne ɗan tafkin. Abu kaɗan za ka faɗa. Ka ce tun kafin mu taɓa wurin shanun Fulani sun tattake shi, yaransu sun harbe tsuntsayen da danƙo. Ka ce gyara muka je yi."

"Oga, ba haka aka yi ba."

"Na ce maka haka aka yi? Na ce haka za ka faɗa. Wa zai musa? Ka ce Fulani, magana ta ƙare. A toshe kafar, 'yan sanda su ɗan ja kunnen mutumin, shi ke nan. Kai kuma ina neman wanda zai riƙe mini leburori."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa, ba mai musawa. A shekarun nan in ka ce Bafulatani ya yi ɓarna, ba a neman shaida. Kuma na san yadda jan kunnen 'yan sanda yake ga mai shanu: sai an sayar da saniya kafin ya ga rugarsa. Na koma gida na faɗa wa Mamanku tana tuƙa tuwo. Ta saki muciya ta juyo.

"To sai me? Ka faɗa mana."

"Ƙarya ce, Hajara. Mutumin bai taɓa ko gashin tsuntsu ba."

"Malam, Buba yana da shanu, yana da daji. In an kore shi nan, gobe ya kafa bukka gaba. Mu fa? Ɗakin nan namu ne? Makarantar yaran nan tamu ce? Ka ƙi yanka ciyawa na yi shiru. Ka kawo mini tsuntsuwa na yi jinya kamar 'yar ƙanwata. Yanzu kuma bakin abincinmu za ka toshe?"

"In na tsaya gaban mutane na rantse a kan abin da ban gani ba, da wane baki zan hana Auwalu ƙarya?"

"Da bakin da ya ƙoshi! Mai yunwa wa ke jin wa'azinsa?"

Kada ku ga laifinta. Duk abin da ta faɗa haka ya faru, har ma ya fi. Ita ke auna hatsi, ita ta san inda buhu ya tsaya. Ranar ba ta ƙara yi mini magana ba, amma da safe na tarar ta goge mini rigar aiki ta ajiye a bakin gado.

Kwamitin a wani ɗaki mai sanyi suka zauna, Turanci suke yi, wani akawu yana juya mini. Suka ce, gaskiya ne shanu sun lalata tafkin? Na ce a'a. Na ce shanu suna shan ruwa a nan tun kafin a kawo bulo na farko, tsuntsaye ba su taɓa gudu ba. Suka ce to me ya kore su? Na ce adda da wuta da ganga. Na ga shugaban kwamitin ya dubi takardarsa, sai na tuna shi ne ya karanta jawabin maraba a ƙarƙashin kanofi. Kusan duk wanda ke zaune a teburin nan ya ci shinkafar bikin. In adda ce mai laifi, to dukansu suna ciki. Oga Lawal ya miƙe a natse, ya ce bai so ya tona wa talaka asiri ba, amma tunda abin ya zo haka, akwai ma'aikacin da kullum ake gani shi kaɗai a bakin ruwa tun da asuba, kuma an gan shi da tsuntsu a cikin riga. Aka kira Bulus. Ya shigo yana murza hularsa, ya kasa duba na.

"Oga, ni na gan shi da kaza ɗaya a riga. Amma kazan ya ƙone. Ban ce ya ci shi ba, ban ce ya sayar ba."

Rabin farko aka rubuta, aka bar na biyun. Mai farfesun bakin get ba a ko kira ta ba, daga baya wani ya ƙara ta cikin labarin don ya yi daɗin faɗi. Na juya wajen Dakta Rifkatu, ita ce ta san zamana a wurin. Aka tambaye ta, ta ce ta san ni mutumin kirki ne mai son tsuntsaye, amma makon da abin ya faru ba ta gari, ba za ta iya shaidar abin da ba ta gani ba. Ko kalma ɗaya ba ta yi ƙarya ba. Aikinta na wucin gadi ne, tana da marayu a gabanta, na sani. Amma ta ga toka, ta ga kututturen kacalla da sawun adda a jiki, kuma ta iya Turancin da za a saurara. Na yafe mata tuni. Mantawa ce ta gagara.

Aka ba mu zuwa ƙarshen wata mu bar ɗaki. Kai Auwalu kana tuna ranar da muka loda katifa a bayan a-kori-kura, yaran kwatas suna bin mu suna kukan agwagwa. Muka koma ɗaki ɗaya a bayan kasuwar Kuje, rufin yana yoyo. Shekarar nan ba wanda ya je makaranta a cikinku. Nafisa, ke da malamai ke cewa za ki yi nisa, kika koma tallan gyaɗa, kuma da kika koma aji waɗanda kika girma kika tarar a ciki. Wannan ba zan iya biyan ki ba. Mamanku ta sayar da keken ɗinkinta. Ni na yi ta yawo gidajen masu fulawa a bakin titi, duk inda na je labarin ya riga ni, sai a ce, "Kai ne na tsuntsayen nan?" Oga Lawal kuwa an ƙara masa girma. Kafar da na ƙi a toshe da bakina, damina ba ta wuce ba aka zuba mata bulo, wai don tsaro. Tafkin ma daga baya aka cike shi aka yi wurin ajiye motoci.

Bayan shekaru na je kasuwar Paikon Kore sayen irin barkono. Ina tsugune gaban mai iri sai na ji an doki kafaɗata da sanda. Buba ne, ya yi furfura a gemu, bakin nan nasa yana nan yadda yake. Muka rungumi juna. Na tambayi shanu, ya ce suna lafiya, sun koma wajen Kwali tun da aka rufe musu ruwa. Bai san an taɓa kiran sunansa a wani ɗaki mai sanyi ba. Bai san akwai ranar da 'yan sanda suka kusa zuwa rugarsa ba. Ya ja baya ya dube ni sama da ƙasa yana murmushi.

"Kai Sale, ashe haka kake? Kullum ka zauna shiru kamar waliyyi, ashe miya kake zaɓa! Mun ji labari har ruga. Don Allah wanne ya fi daɗi, zalɓe ko kirinjijiya?"

Mutanen wurin suka fashe da dariya. Na buɗe baki in faɗa masa ɗakin da muka rasa, da karatun Nafisa, da keken Hajara, in faɗa masa saboda wa. Sai na ga in na faɗa, na ɗora masa kayan da bai roƙa ba, a tsakiyar kasuwa, ya rasa inda zai sa kansa. Ba don ya gode na yi ba. Na haɗiye maganar.

"Ban ci ba, Buba," na ce.

"Haba, kada ka ji kunya. Ko ka ci ai halal ne."

Ya saya mini fura da nono wajen wata 'yar'uwarsa, ya tsaya sai da na shanye, ya yi mini addu'a ya bi shanunsa. Har ya ɓace cikin mutane yana waiwayowa yana dariya.

Halal ne, ban musa ba. Amma ku 'ya'yana, ku riƙe wannan daga hannun ubanku: ban ci ba.